Manjagarar da Aka Yi da Gadon Aurena

Mijina ya yi ritaya a shekarar da sojoji suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bariki. Ba karon farko nake nufi ba, wancan ina amarya aka yi shi. Karo na biyu nake nufi, lokacin da furfura ta fara leƙo ni ta gefen kunne. Duk ƙasa ana murna an samu 'yanci, ni kuwa a shekarar nawa 'yancin ya ƙare, domin mutumin da ya saba fita da sassafe ya dawo bayan la'asar sai ga shi ya tare mini a tsakar gida, shi da rediyonsa.

Mai kula da sito ne a wata ma'aikata, kuma da ya bar aikin bai bar halin ba. Sai ya mayar da madafata sito. Ya jera mini tukwane bisa girma, ya tambayi dalilin da ya sa nake yanka albasa da kauri, ya buɗe tukunyar miya ya leƙa kamar mai binciken kaya. Ran nan na juyo na same shi yana gwada wa babbar 'yata yadda ake tankaɗe, mutumin da tunda aka haife shi bai taɓa riƙe rariya ba.

"Malam, wai ba ka da majalisa ne?" na tambaye shi.

"Majalisa ai ta marasa aikin yi ce," ya ce, ya ci gaba da tankaɗe.

Gidanmu a Gyadi-Gyadi yake, katanga ɗaya muke da wani mutumin Filato da kowa ke kira Ticha, domin ya daɗe yana koyarwa a wata firamare a Tarauni kafin shi ma ya ajiye alli. Matarsa, Madam, tela ce, kuma ƙawata ce ta kan katanga. Ta nan naman layya yake tsallakawa wajensu, ta nan shinkafar Kirsimeti take tsallakowa wajenmu, ta nan kuma muke gulmar mazajenmu. Ashe ita ma abin da ya same ni ya same ta. Ticha ya rasa ɗalibai, sai ya koma gyara wa masu kawo ɗinki magana, har wasu suka fara kai kayansu wani wuri.

Madam ce ta tuna cewa Ticha yana saurayi yakan yi kamun kifi a kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a garinsu. Ta tona akwati ta fito da tsofaffin ƙugiyoyinsa, ta ajiye inda zai gani. Ni kuma da dare ya yi na fara yi wa Malam zancen yadda na yi marmarin farfesun tarwaɗa, na ce ai kamun kifi sai masu haƙuri da basira, ba kowa ke iyawa ba. Washegari na ga shi da Ticha sun fita da gora biyu da gwangwanin tana. Ni da Madam muka tafa ta saman katanga.

Akwai wani kududdufi a bayan unguwarmu, ta hanyar da ake bi a shiga Tarauni. Tsofaffi sun ce ƙasar gini aka yi ta ɗiba a wurin har ya zama rami. Duk kwatamin unguwa a cikinsa yake ƙarewa, amma mutane sun rantse akwai tarwaɗa a ciki kamar cinyar ƙato. Matsalar ita ce ba a ganin ruwan. Kainuwa da gansakuka da ciyawa sun rufe shi ruf, ga leda ta cika sauran gurbin. Kore shar yake kamar filin ƙwallo, har an taɓa tsamo wata akuya da ta zaci makiyaya ce ta taka da ƙarfinta.

Kwanakin farko ba abin da suka kamo sai ciyawa da silifa. Duk fatsar da suka jefa sai ta maƙale, su ja, zare ya tsinke. Malam ya dawo yana cewa kifin Kano ba shi da tarbiyya. Ticha kuwa ya ce ba laifin kifi ba ne, sai an buɗe wa ruwan taga. Ya ce abin da ake bukata manjagara ce, a ɗaura mata doguwar igiya, a wurga ta cikin ciyawar, a janyo, ta kwaso ciyawar zuwa gaɓa. In aka yi ta yi, sai fili ya buɗe, a jefa fatsa.

Ta farko manjagarar shara ce suka yanke wa ƙota. Duk jifan da suka yi mata sai ta faɗi a bayanta, haƙora sama, kamar kyankyaso ya sha magani. Ta biyu katako ne suka kafa wa manyan ƙusoshi gaba da baya. Wannan ta ƙi nutsewa, ta yi ta yawo a saman ruwa har wani kwaɗo ya hau ya zauna. Suka ɗaura mata dutse don ta yi nauyi. Ticha ya juya ta a sama, dutsen ya kuɓuce, ya wuce ta gefen kunnen wani mai wankin babur. Sai da mai unguwa ya shiga maganar.

Daga nan sai Malam ya yi laushi. Ya daina leƙa tukunya. Ran nan har da tsire ya shigo mini da shi, ba Sallah ba, ba suna ba. Mace mai hankali da ta san akwai magana. Ni na cinye tsiren na yi godiya.

Sai in faɗi wani abu game da gadona. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, irin wanda ake yi wa amare a zamaninmu. Fuskarsa, wato ɓangaren da ake sa kai, sanduna ne a jere, da ƙwallayen tagulla a sama, da ƙananan madubai, da furanni da aka zana da fenti. Inna, mahaifiyata, tumakinta ta sayar ta saya mini shi, kuma ba a yin zaman dangi ba ta ambaci tumakin nan ba. Da yayin gadon katako ya zo, sai muka kwance shi muka jingine a ɗakin shirgi, bayan buhunan gawayi. Ban cika shiga can ba.

Bayan tsiren da 'yan kwanaki, Madam ta leƙo ta katanga tana dariya har da riƙe ciki.

"Maƙwabciya, kin ga sabuwar manjagarar mutanen nan kuwa? Wai a Tarauni mai walda ya haɗa musu. Har da madubi a jikinta!"

"Madubi? Kifin ne zai yi kwalliya?"

Muka yi ta dariya. Ni ce ma na fi kowa ƙyaƙyatawa.

Wannan karon abin ya yi. Ƙarfe ne mai nauyi, haƙora gaba da baya, ko ta ina ta faɗi sai ta cafki ciyawa. Suka buɗe fili a ruwan kamar faɗin tsakar gida, suka tara ciyawa a gaɓa tsibi-tsibi tana wari. Ranar da Malam ya shigo da tarwaɗarsa ta farko, sai da ya zagaya da ita layinmu ta doguwar hanya. Ba ta kai cinyar ƙato ba, ba ta ma kai damtsena ba, kuma sai da na wanke ta da toka da lemon tsami har hannuna ya yi yaushi kafin warin kwatami ya ragu. Amma ya ci yana lumshe ido kamar daga Aljanna aka aiko.

Kafin ka ce kwabo bakin kududdufi ya zama majalisa. Duk wani ɗan fansho da matarsa ta gaji da shi can ya nufa. Kowa da rediyonsa, ana jin yadda ake rantsar da sababbin shugabanni, ana musu a kan ko farar hula za su kai labari ko sojoji hutu kawai suka tafi. Malam da Ticha ba jam'iyyarsu ɗaya ba, sukan yi musu har jijiyar wuya ta tashi, amma in aka zo jan igiya tare suke ja. Masu son a buɗe musu nasu gurbin suka riƙa bin layi. Wani ya fara kiran Malam Sarkin Ruwa don zolaya, shi kuma ya fara amsawa da gaske.

Ana cikin haka, damina ta kankama, sai ga Inna daga ƙauye, ta zo a duba mata gwiwa a asibiti. Na shimfiɗa mata katifa a ƙasa, ta dube ta ta dube ni.

"In na kwanta a nan, wa zai tashe ni? Ina gadon nan naki? A ɗauro mini shi."

Malam yana zaune yana shan koko. Ya ajiye kofin, ya ce ya tuna akwai ta'aziyya a Daurawa, ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Na shiga ɗakin shirgi na janye buhunan gawayi. Ga ƙafar gado, ga gefe da gefe, ga sandunan rumfa. Fuska babu. Na tsaya ina kallon bangon da take jingine a da, sai muryar Madam ta dawo mini a kunne: har da madubi a jikinta. Na tuna tsire. Na zauna a kan buhun gawayi da farin zanena.

Na so in rufa masa asiri, Allah ya sani. Na ce wa Inna an kai gyara. Ta ce wane gyara, gadon da ko tsatsa bai taɓa yi ba? Na ce fenti. Ta ce a kai ta wajen mai fentin. Daga nan na ga ba ni da dalilin shan duka a kan laifin wani, na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce in miƙo mata mayafinta da sandarta. Matar da ta zo da ciwon gwiwa, ran nan da ƙyar nake cim mata a hanya.

Ta'aziyyar Daurawa a bakin kududdufi muka same ta. Malam ya naɗe wando har gwiwa, yana juya manjagara a sama, jama'a sun ja baya suna ba shi fili. Rana ta daki madubin, ya haska mana ido. Na gane furannin nan jajaye, na gane ƙwallon tagulla guda da suka bari a tsakiya, nan suka ɗaura igiyar. Mai walda ya yanyanka sandunan ya liƙa su gaba da baya kamar haƙoran kada.

Wani ya ce, "Sarkin Ruwa, ka yi baƙi."

Malam ya juyo ya ga surukarsa. Ya saki manjagarar ta faɗi, ya durƙusa nan inda yake, cikin taɓo.

"Inna, barka da fitowa. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki da sauƙi. Ya aka ji da haƙuri? Na ji an yi muku rasuwa."

Ticha, da yake malami ne, ya ga ya kamata ya yi bayani. Ya matso ya cire hularsa.

"Mama, ai abin ba ɓarna ba ne. Ƙarfen yana zaune ne kawai ba ya amfanin kowa. Yanzu dubi yadda yake yi wa al'umma aiki."

"Kai ne mai basirar?"

"Tare muka yi shawara, Mama."

"To madalla. Matarka ba ta da gado ne?"

Ticha ya mayar da hularsa ya koma baya.

Inna ta taka har inda manjagarar take, ta zungure ta da sanda, ta daɗe tana kallo. Na zaci kuka za ta yi, ko ta fara lissafa tumaki. Sai ta juyo ta fuskanci majalisar gaba ɗaya, ta ce a cikinsu akwai wanda ya taɓa jin inda kayan ɗakin mace suka zama na miji? Aka ce babu. Ta ce to ko an mayar da gado cokali, cokalin na mai gado ne. Saboda haka daga yau manjagara a ɗakin 'yarta za ta riƙa kwana. Mai so ya zo ya yi sallama ya roƙi aro. Duk kifin da aka kama a gurbin da ta buɗe, sai ya biyo ta gidanmu an gani, kuma kan tarwaɗa nata ne muddin tana gari.

Haka aka yi. Aka tallafe gadon da bulo ta wajen kai, Inna ta kwanta a kai. Kullum da safe sai in ji Malam yana gyaran murya a ƙofar ɗakina.

"Uwargida, ko za a taimaka mana da abin nan?"

"Wane abu?"

"Kin sani ai."

"Jiya wa ya canza mini wurin ajiye gishiri?"

"Ba za a ƙara ba."

Sai in ce ya ɗauka. Ban taɓa jin daɗin mulki irin na wannan damina ba. Na fahimci abin da ya sa sojoji suka daɗe ba su sauka ba.

To a lokacin mun yi sabon kansila. Yaro ne ɗan unguwa, na san shi tun yana yawo da majina, kafin zaɓe kayan gyaran babur yake sayarwa. Yanzu ya zama Onarabul, ya yi babbar riga mai aiki har ciki, da 'yan kore masu buɗe masa ƙofar mota. Yana neman abin da zai nuna a ce an fara shan romon dimokuraɗiyya, sai wani ya ba shi labarin majalisar bakin ruwa. Aka yi shela cewa Onarabul zai ƙaddamar da gagarumin shirin yashe kududdufi don yaƙi da sauro.

An yi hayar rumfa, an yi hayar kujeru da lasifika, an kira mai hoto. Sai ana gobe taro aka tuna ba a tanadi abin da za a yashe kududdufin da shi ba. Aka aiko a karɓi manjagara. Inna ta ce wa ɗan aiken mai so shi ke zuwa. Da yamma sai ga Onarabul da kansa a zaurenmu, ya tattare babbar riga ya durƙusa, da ƙullin goro a hannu. Inna ta bar shi a durƙushe har ta gama tauna ɓari guda, sannan ta ce ta yarda, da sharaɗin a ba ta kujera a sahun gaba, da ni, da Madam.

Ranar taro muka ci ado muka zauna a gaba. An sa Malam ya wanke manjagarar, har da ɗaura mata kyalle. Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai. Onarabul ya ce zamanin danniya ya wuce, ya ce kafin ya sauka sai an ga ƙasan kududdufin nan kamar ƙasan kofi, ya ce za a zuba kifi daga ƙasar waje, a kafa fitilu, a kawo kwale-kwale. Duk inda ya ja numfashi 'yan kore su tafa. Kwaɗi ma suna ta nasu.

Sai aka zo jifa. Aka miƙa masa manjagara. Na ga Malam ya matso yana ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a fara ɗaura bakin igiyar a..."

Wani ɗan kore ya tare shi da ƙirji. "Baba, koma baya. Onarabul ya sani."

Ticha ma ya buɗe baki, aka ƙara ƙarar lasifika.

Gaskiya ita ce, yaron nan yana da ƙarfi. Ya tattare hannun riga ya ɗora a kafaɗa, ya juya manjagarar a sama har tana kuka, ya sake ta. Malam da kansa ya ce tunda aka haɗa ta ba a taɓa yi mata jifa mai kyau irin wannan ba. Ta tashi sama, madubin yana walƙiya, ta wuce gurbin da aka buɗe, ta wuce kainuwa, ta nufi tsakiyar kududdufi inda ba wanda ya san zurfinsa. Igiya tana bin ta, tana warwarewa daga ƙasa kamar maciji ya ji ganga. Muna kallo har jelar igiyar ta zo ta shafi takalmin Onarabul, ta yi masa sallama, ta bi sahu. Can muka ji tsulum. Kainuwa ta buɗe, ta koma ta rufe.

'Yan kore suka ɓarke da tafi. Mai hoto ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake, ban ɗauka da kyau ba."

Onarabul ya juya yana neman a miƙo masa igiya. Kowa ya dubi hannun na kusa da shi. Tafin ya riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta dogara sandarta ta miƙe. Ta taka a hankali har gabansa, ta kama gefen babbar rigar ta naɗe a hannu.

"Ɗan nan, ka iya jifa. To shiga ka ɗauko."

"Hajiya Inna, a yi haƙuri. Wallahi sabon gado zan saya miki. Ɗan Italiya. Gobe-goben nan."

"Na ji. Har da fitilu da kwale-kwale. Shiga ka ɗauko."

Lasifika a kunne take, duk unguwa ta ji. Onarabul ya dubi ɗan koren nan da ya tare Malam, ya ce masa ya shiga. Bawan Allah ya tuɓe riga ya taka. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ko rabin hanya bai yi ba. Sai muka ji ihu. Ya fito a guje, matsattsaku sun yi masa layi a ciki da cinya, yana tsalle yana kiran uwarsa. Madam ce ta aika aka kawo gishiri. Cikin wannan hargitsi Onarabul ya sunkuya ya zare kansa daga babbar rigar, ya bar wa Inna ita a hannu, ya shige mota da 'yar ciki. Madam ce ta yanka rigar ta yi wa Inna rigunan matashi, kuma sun yi kyau.

Na zaci an gama ke nan. Ashe an fara. Malam da Ticha suka ce ba za su bar ta a ruwa ba, kuma ba abin da zai kamo manjagara sai wata manjagarar. Na ga Ticha ya fara zagaya keken ɗinkin matarsa yana ƙwanƙwasa ƙafafun ƙarfen da yatsa. Madam ta sayo sarƙa da kwaɗo ta ɗaure keken a jikin taga. Daga ƙarshe ƙofar akurkin kajinsa ya cire, suka kai wa mai walda. Kajin suka koma kwana a kan katangarmu.

Sabuwar ba ta da kyau ko kaɗan, amma tana ja. Sauran daminar nan kaf a neman gadona suka ƙare ta. Sun manta da kifi. Kullum su jefa, su ja, duk majalisa ta kama igiya. Sun fito da gangar jikin keke, da tukwane, da tayoyi, da kan keken ɗinki wanda Madam ta ce ko kyauta ba ta so, da takalmin soja ƙafa ɗaya wanda aka yi kwana biyu ana musu a kan yadda aka yi ya shiga. Duk abin da unguwa ta jefar tun kafin a haife ni ya fito ya sha iska. Fuskar gado dai ko ƙyallinta.

Garin nema sai ga shi sun share fiye da rabin kududdufin. Ruwa ya fito fili, har ana ganin gajimare a cikinsa. Sauro ma ya ragu, ko dai mu muka ga haka. Ran nan muna cin tuwo sai muka ji a rediyon Malam ana yaba wa wani matashin kansila bisa kammala aikin yashe kududdufi cikin ƙanƙanin lokaci. Malam ya tsaya da loma a hannu. Ta katanga muka ji Ticha yana magana da yarensu, kuma ko ba fassara na san ba addu'a yake yi ba.

Gado ɗan Italiya bai zo ba. Abin da ya zo kalanda ce, ɗauke da hoton Onarabul yana juya manjagara, an rubuta Mai Aiki a ƙasa. Inna ta tafi da ita ƙauye, ta ce takardar tana da kauri, za ta yi fifita wuta. Ta tafi da sauran gadon ma, ta ce ba ta bar wa Sarkin Ruwa ko ƙusa ba.

Sharewar nan ita ta ja wa kududdufin. Da yana rufe da ciyawa ba wanda ya lura da girmansa. Da ya buɗe sai masu ido suka ga fili. Da rani ya yi muka fara ganin tifa tana juye ƙasa da shara a gefensa, kafin wata damina an kafa duwatsun fuloti. Majalisa ta watse. Wasu sun ce da hannun Onarabul, wasu sun ce ya yi ƙanƙanta da wannan cin. Ni dai ban gani ba.

Ba a daɗe ba Ticha ya gama ginin da yake yi a garinsu, suka tashi. Ni da Madam mun yi kuka har muka ba wa kanmu kunya. Mazan kuwa suka tsaya a bakin mota suna musu a kan wanda zai riƙe manjagarar akurki, kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Madam ta ce in aka sa wannan abu a motar kayanta, ita a Kano za ta zauna. Manjagarar ta zauna a wurinmu, a bayan ƙofar zaure.

Malam mutum ne da bai taɓa kwana a wajen Kano don raɗin kansa ba. Amma da shekara ta zagayo sai ya ce zai je ya ga Ticha. Ya naɗe manjagarar a buhu, haƙora duk sun huda sun fito, aka yi ta rigima da yaron mota a tasha kafin a ɗaure ta a sama. Ya ce kududdufan kuza na can sun fi namu zurfi, in shirya manyan tukwane.

Ya dawo da mura, da kwandon dankalin Turawa, da zanen da Madam ta ɗinka mini. Na leƙa kwandon har ƙasa.

"Malam, ina kifin?"

"Ruwansu ya cika tsabta. Garau yake, ko ciyawa ɗaya babu."

"To in babu ciyawa ai sai jefa fatsa."

"Mun manta ba mu sayi ƙugiya ba."

"To me kuka yi duk kwanakin nan?"

Ya yi atishawa, ya share hanci, ya ce, "Mun jefa manjagara."